Mu Auna Ƙurarmu Kafin Mu Sayi Faranti: Wasiƙa Daga Jidda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in sa baki a zancen wutar sola, wanda yanzu ba majalisar da ba a yin sa daga Kano har Damagaram. Ni mutumin ƙasar Daura ne, ma'aikacin lantarki, shekarata goma sha huɗu a Jidda. Bakwai na farko wayarin gidaje na yi da gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki kamar yadda ake kiranta a nan. Bakwai na baya kuwa a kan rufi na yi su, ina ɗaura farantan sola, ina duba lafiyarsu, ina goge su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a azumin da ya wuce wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya zo Umara ya sauka a wurina. Shi ne ma'ajin ƙungiyar garinmu, kuma sun yi karo-karo za su sa wa rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani sola. Muna shan ruwa sai ya ce mini, "Ƙanena, ai mu magana ta ƙare. Rana Allah ya ba mu ita kyauta, ta fi ta Turawa nesa ba kusa ba. Faranti kawai za mu saya." Ban yi masa musu ba. Na ce, "Yaya, gobe in mun yi Asuba ka raka ni wurin aiki."

Washegari muka hau rufin wani babban sito a Khumra, kudancin gari, inda ɗakunan ajiyar kaya suke jere ba nisa da teku. Gari bai gama wayewa ba. Na ce ya shafa faranti ɗaya. Ya shafa, ya janye hannu yana dubawa, yatsunsa sun jiƙe, ga taɓo ja-ja ya manne musu. Ya ce, "An yi ruwa ne da dare?" Ba a yi ba. A Jidda sai a shafe watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, kuma na shekara gaba ɗaya bai wuce abin da Kano kan samu a ruwa ɗaya ko biyu masu ƙarfi na watan Agusta ba. Abin da ya taɓa raɓa ce. Da rana iska takan kwaso ƙura ta shimfiɗa a kan gilashi. Da dare gilashin ya huce, laimar Bahar Maliya ta sauka a kansa, ta kwaɓa ƙurar nan da gishirin da iskar teku ke ɗauke da shi. Rana na fitowa sai ta gasa kwaɓin ya kame kamar yaɓen ɗaki. Daga nan iska ba ta iya hure shi. Gobe a ƙara wani a kai, jibi a ƙara wani, har gilashin da aka sayo baƙi mai sheƙi ya koma kalar ƙasa.

Wannan yaɓen ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Masu bincike a Jami'ar Man Fetur da Ma'adinai ta Sarki Fahad da ke Zahran, can ɗaya gaɓar ta Tekun Fasha, sun fitar da sakamako a 2013 cewa farantin da aka bari sama da wata shida ba gogewa yana iya rasa rabin wutar da yake bayarwa, kuma guguwar ƙura ɗaya tak tana iya cinye kashi 20 cikin ɗari. Mu da muke kan rufi mun san haka tun kafin mu ji labarin takardar, amma saninmu na ido ne. Da aka auna aka rubuta, sai masu kuɗi suka yarda su sa ladan mai gogewa cikin lissafi tun ranar da ake zana aikin.

Gogewar ma tana da ƙa'ida. Ruwan da ake sha a Jidda daga teku ake tace shi, don haka kowane bokiti kuɗi ne. In ka ce za ka yi arha da ruwan zartsi, yana bushewa zai bar farin tabo a gilashi wanda ya fi ƙurar wuyar fita. In ka watsa ruwan sanyi a faranti da tsakar rana, gilashin na iya tsagewa. In ka sa burushi mai tauri, ka kankare siririn shafen da masana'anta ta yi wa gilashin don ya riƙa zuƙar haske. Shi ya sa aikinmu na sassafe ne, da tsumma mai laushi. Gishiri kuma bai tsaya a gilashi ba, yana cin ƙusoshi da ƙarafan da aka ɗora farantan a kai, yana shiga mahaɗar waya ya sa ta tsatsa har ta yi zafi ta narke. Akwai gwaji na musamman da ake yi wa faranti da hazon gishiri, lambarsa IEC 61701, kuma duk wanda ya san aiki a bakin teku ba ya karɓar kaya sai ya ga lambar nan a takardarsu.

Muka zauna a inuwar tankin ruwa har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sannan na juya masa bayan wani faranti na nuna masa takardar da ke manne. An rubuta wat 550. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta sharaɗin, cewa an auna ne lokacin da zafin farantin yake digiri 25. To, Malam Edita, a ina farantin da ke kwance cikin ranar Jidda ko ta Sakkwato zai tsaya a digiri 25? Na sha ɗora ma'auni a bayan faranti da bazara na ga ya haura 65. Farantin silikon kuwa, wato irin da aka saba ɗaurawa, duk digiri ɗaya da ya ƙaru yakan rasa kusan sulusin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa, wani ma ya fi. Ka lissafa digiri 40, za ka ga wajen kashi 14 sun tafi. Mai wat 550 ya dawo 470 da 'yan kai, tun ba a yi maganar ƙura ba. Mutanenmu da yawa suna ɗauka zafin rana ne ke zama wuta. Haske ne ke zama wuta, zafin kuwa rage ta yake yi. Yayana ya daɗe yana kallon takardar nan bai ce komai ba.

Kada wani ya fahimce ni a kan ina kushe sola. Da ita nake ci da iyalina, kuma na ga abin da take iya yi a wannan gaɓa. Kimanin kilomita 80 kudu da Jidda akwai Shu'aiba. Masu karatun tarihin Musulunci sun san sunan, domin ita ce tashar jiragen ruwan Makka ta dā, daga nan Sahabbai suka hau jirgi a hijirar farko zuwa Habasha, kafin Sayyidina Usman ya mayar da tashar Jidda. A zamaninmu Shu'aiba ta yi suna da manyan injinan da ke ƙona mai suna ba da wuta, suna kuma tace ruwan teku a tura wa Makka da Jidda da Ɗa'ifa. A watan Afrilun 2021 aka sanar da yarjejeniyar tashar sola mai megawat 600 a can, a kan farashin santi 1.04 na dalar Amurka kowane yunit, wanda a lokacin ba a taɓa jin mai arharsa ba a duniya. In ka mayar da shi kuɗin nan bai cika halala huɗu ba (halala ɗari ne riyal guda), alhali tun daga Janairun 2018 halala 18 muke biyan yunit a gidajenmu. Daga baya aka ƙara wata tashar da ta fi ta girma a gefenta, a haɗe sun haura megawat 2,600. Wannan ya wuce rabin abin da layin wutar Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a yawancin ranaku, ko da yake sola da tsakar rana kawai take kaiwa ƙololuwa. Gwamnatin Saudiyya ta ce tana son rabin wutar ƙasar ya fito daga rana da iska nan da 2030. Ƙasar da ke zaune a kan mai ce ta ga cewa ƙona shi don mukayyif asara ce, gara ta sayar.

Dare shi ne ragowar matsalar. A bakin teku zafi ba ya tafiya da faɗuwar rana, laima kan riƙe shi, mutum na kwance gumi na zuba, mukayyif na aiki har Asuba. Don haka a wurin shaƙatawar da aka gina a arewa, tsakanin Umluj da Wajh, wanda ba a haɗa shi da layin wutar ƙasa ba, sai da aka girke batura masu ɗaukar megawat 1,300 na awa guda a gefen farantan.

Amma abin da ya fi kama zuciyata yana arewa da mu ne, a Thuwal, wani garin masunta mai nisan kilomita 80 daga Jidda, inda aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdallah a watan Satumban 2009. KAUST ake kiranta a taƙaice. Jaridu sun yi ta yayata labarin 2023, lokacin da ayarin Farfesa Stefaan De Wolf suka ƙera ƙwayar sola, wato ɗan yankin da ake jerawa da yawa su zama faranti, mai hawa biyu, silikon a ƙasa, wani sinadari da ake kira ferobskait a sama, kowane hawa yana kama nasa launin hasken. Ta mayar da kashi 33.7 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta zuwa wuta, ta zama ta ɗaya a duniya a lokacin. Don a gane girman abin, farantan da muke ɗaurawa ba su cika wuce kashi 21 zuwa 23 ba, kuma silikon shi kaɗai ko an yi yaya ba zai haura kashi 29 da ɗoriya ba.

Ni ba wannan lambar ce ta burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne sun fitar da irin wannan ƙwayar daga ɗakin gwaji mai sanyi, sun ajiye ta a fili a bakin teku shekara guda cur, rana ta dake ta, raɓa ta jiƙa ta, ƙura ta rufe ta. Da shekara ta cika suka auna, suka ga saura kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinta na farko, suka kuma buga sakamakon kowa ya gani. Farantin silikon na kasuwa ana ba da tabbacin zai kai shekara 25 kafin ya sauko kusa da haka. Ma'ana da bakinsu suka shaida wa duniya cewa abin alfaharinsu bai isa shiga kasuwa ba tukuna. Duk mai sana'ar hannu ya san nauyin mutum ya nuna aibin kayansa da kansa.

A jami'ar dai wani ayarin, ƙarƙashin Farfesa Peng Wang, ya ɗauki raɓar nan da ke ba mu wahala ya sa ta aiki. A 2020 suka nuna wani abu mai danƙo kamar ƙullun da ya daskare, mai gishiri na musamman a ciki, wanda ake mannawa a bayan faranti. Da dare yakan sha laimar iska ya ƙoshi. Da rana farantin ya ɗau zafi sai ruwan ya riƙa fita kamar gumi yana sanyaya shi. A gwajin da suka yi a fili, wutar ta ƙaru da kashi 13 zuwa 19 cikin ɗari. Da na karanta bayanin sai randar tsohuwata ta faɗo mini a rai, wadda ke tsatsafo ta waje ruwan ciki ya yi sanyi. Dabarar ɗaya ce da ta tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana tumatir da alayyafo, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Daga wannan jami'a kuma wani injiniya mai suna Georg Eitelhuber ya fito da na'urar NOMADD, burushi mai bin layin farantai da kansa yana share ƙura ba tare da ɗigon ruwa ba.

Ka duba, Malam Edita, duk waɗannan ayyuka daga ƙasar wurin suka tsiro. Zafin wurin, laimar wurin, ƙurar wurin, tsadar ruwan wurin. Kuma a nan ne nake jin tsoro game da gida. Abin mannawar nan mai shan laima zai yi aiki a Thuwal domin daren Thuwal a jiƙe yake. Kai shi Daura a watan Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙafa ke faso, me zai sha? Ƙurarmu ma ba irin tasu ba ce. Tamu hazon hunturu ne mai laushi kamar garin alkama, wanda iska ke ɗaukowa yawancinsa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma ba a kan gilashi kaɗai yake sauka ba, a sararin sama ma yakan tsaya ya tare rana har mutum ya kalle ta da ido. Ba mu da gishirin teku, wannan rahama ce. Muna da damina mai wanke mana faranti kyauta wata huɗu, su ba su da ita. Amma muna da bazarar Maris zuwa Mayu wadda ke dafa batir a cikin ɗaki. Wanda ya kwafo amsar Jidda ya kai Katsina zai yi kuskure, haka wanda ya kwafo ta Jamus ko ta Sin.

Na ga haka a gidanmu. Shekara uku da suka wuce na aika kuɗi aka sa wa mahaifiyata faranti huɗu da batura biyu, don fanka da fitila da ƙaramin firji na ajiye maganinta. Da hunturu ya shiga firjin ya fara mutuwa kafin tsakar dare. Ƙanena ya kira ni rai a ɓace, ya ce an sayar mana da jabu. Na ce ya hau sama ya nuna mini ta waya. Farantan lafiyarsu ƙalau. An kwantar da su ne kusan shimfiɗe a kan kwano, ƙura ta yi musu bargo, reshen darbejiya kuma yana jefa inuwa a kusurwar ɗaya daga la'asar. Inuwa a kan faranti ɗaya kuwa takan ja sauran 'yan layinsa ƙasa. Baturan kuma an kulle su a ɗan ɗakin langa-langa marar taga saboda tsoron ɓarayi, alhali batirin dalma duk ƙarin digiri goma a kan 25 yakan rage kusan rabin kwanansa. Yaron da ya yi aikin ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa ya yi, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a Daura faranti kudu yake fuskanta, a ɗaga shi kamar digiri 13 zuwa 15. Muka ɗaga su, aka sare reshen, aka fasa taga, aka sa jikanta yana gogewa duk bayan kwana uku. Firjin ya dawo, amma baturan sun riga sun gaji, sai da na sake wasu. Kuɗin da zafi ya ci a ɗakin nan ya isa kuɗin makarantar yara biyu.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne mu ba baƙin wannan ilimi ba ne. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar binciken hasken rana ta Nijar tun daga 1969, yana ƙera murhu da tukunyar dafa ruwa da injin jan ruwa masu aiki da rana, shekaru arba'in kafin a buɗe jami'ar Thuwal. A Sakkwato akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1982. Manyan tashoshi ma sun fara samuwa: megawat 7 a Malbaza tun 2018, megawat 10 a Kumbotso da aka ƙaddamar a Janairun 2023, megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a shekarar. Malamanmu suna rubuta takardu masu kyau, amma da Turanci da Faransanci, a mujallun da mai ɗaura faranti a Sabon Gari ko kasuwar Maraɗi ba zai taɓa buɗewa ba.

Don haka roƙona ga malaman nan, da girmamawa, shi ne su sauko mana da amsoshin cikin Hausa. Nawa faranti ke rasawa a mako guda na hazo a Sakkwato, nawa a Kano, nawa a Damagaram? Bayan kwana nawa ya kamata a goge a watan Disamba, kuma yaushe gogewar ke zama ɓarnar ruwa? Wane irin batir ne ke kai shekara biyar a ɗakin da ke kai digiri 40? Ba sai an gina jami'a irin ta Thuwal ba kafin a amsa waɗannan. Faranti kaɗan ne a kan rufi, da ma'auni, da ɗalibi mai haƙurin rubuta lamba kullum har shekara ta zagayo. Ku kuma 'yan jarida, in kun ba su shafi ɗaya a wata, gidajen rediyo suka ɗauka, za ku tsare wa talakawa kuɗin da ba su da halin asararsa. Masu hannu da shuni da ke gina masallatai da rijiyoyi su ma su tuna cewa ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya mai wannan awon zai amfani kowace rijiyar sola da za a haƙa bayansa.

Yayana ya koma gida bayan Sallah. Kafin ya tafi muka sake lissafin aikinsu tare a kan tabarma. Muka ƙara faranti biyu a kan abin da mai sayarwa ya rubuta musu saboda zafi, muka ware ladan yaron da zai riƙa gogewa, muka mayar da ɗakin batir gefen da inuwar gini ke faɗawa, aka sa masa taga biyu masu raga. Na kuma saya masa ƙananan faranti biyu masu wat 20 da ma'aunin wuta na hannu, na sa masa a jaka. Ba za a haɗa su da layin famfo ba. Za a ajiye su gefe da gefe a kan rufin ɗakin shan magani, ɗaya a goge shi kowace safiya, ɗaya a bar shi sai ranar Juma'a. Malamin lissafin firamaren garinmu ya karɓi aikin aunawa kullum da ƙarfe goma sha biyu, shi da 'yan aji shida, suna rubutawa a littafi mai layi. Sun fara tun farkon kaka. In Allah ya kai mu ƙarshen hunturu zan aiko maka da abin da littafin ya nuna, ko za ka samu filin bugawa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Mai ɗaura farantan sola,
Jidda, Saudiyya.